Daƙiƙa Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma Coventry ta riga ta rufe ido.
Ga bene mai taki goma sha uku, miƙe kamar tsani,
ga Inna Tabawa, da aka yi wa aikin ido ran Talata,
tana laluben bango da tafin hannu.

Sai na sayo 'yan na'urori masu jin motsi,
farare, kowacce ba ta fi ƙwan zabo ba.
Ɗaya na kafa ta a gindin bene,
ɗaya a sama, kusa da ƙofar banɗaki.
Na ce musu, in kun ga mutum ku gaya wa akwati,
akwati ya gaya wa fitila ta kama.

Kwana uku ina tafiya da ƙirji a gaba.
Daren na huɗu na ji sanda tana ƙwanƙwasa katako cikin duhu,
murya na biye da ita:
"Tanimu, yaron naka ya yi barci a bakin aiki."

Na sake batir. Na sake ƙwai.
Na zargi firji da yawan gunaguni a waya,
na zare cajar Ladidi tana tsakar rubuta aikin makaranta,
har na tsallaka shinge cikin yayyafi
na tambayi Mista Pritchard ko ƙofar garejinsa
tana magana da yaren gidana.
Ya ba ni shayi, ya ce shi da hannu yake ɗaga tasa
tun kafin a haife ni.

Ƙarfe biyu na dare, ni da littafi da biro a kan taki na bakwai.
Na sauka ƙasa na ɗaga hannu, haske.
Na hau sama na ɗaga hannu, haske.
Na dawo kwanar nan inda bene ya karya wuya,
inda idanun biyu ke hango mutum lokaci guda,
na ɗaga hannu har kafaɗa ta gaji.
Duhu ƙirin.

Ashe babu wadda ta yi barci.
Ta ƙasa ta yi ihu, "Ga mutum!"
ta sama ta yi ihu, "Ga mutum!"
saƙo ya yi karo da saƙo a hanya,
kamar tirela biyu a gada mai cin mota ɗaya,
abin da ya isa kunnen akwati tarkace ne,
shi kuwa ba ya aiki da jita-jita.

Hanne ta fito da bargo a kafaɗa.
Na fara yi mata bayani, ta fara tambayata,
muka tsaya tare, muka sake farawa tare.
Ta dube ni, ta dubi bango,
ta yi dariyar da ba ta son ta tashi Inna.
"To wa za ka ce ya yi shiru?"

Ban ce kowa ya yi shiru ba.
Ta sama na ba ta daƙiƙa biyu:
ki gani, ki haɗiye, ki bari 'yar'uwarki ta kai aya,
sannan ki faɗi naki.
Daƙiƙa biyu, tsawon bisimilla,
shi na kwana tara ina nema a bayan firji.

Da asuba Inna ta taka kwanar, haske ya zubo mata.
Ba ta ce komai ba, hannunta dai bai bar bango ba.
Da ta kai ƙasa ta ce, "Sha uku ne, na riga na haddace."

Har yanzu, jefi-jefi, in ruwa ya yi kwana biyu yana zuba,
fitilar takan yi jinkirin da ban sa ta ba.
Ban gano dalili ba tukuna.
Na rataye tocila a ƙarfen bene,
littafin kuma yana nan a taki na bakwai, a buɗe.