Tarin Goggo

Ƙarfe biyun dare a Bronx,
na ajiye tasi, ƙafafu sun kumbura.
Bangon ɗakin Hansatu na kaɗawa.
Na ɗaga hannu zan doki ƙofa,
sai na ji tari.

Tarin Goggo.
Kaset ɗin da ta aiko mini shekarar zuwana,
yarinyar nan ta yayyanka shi,
ta ɗora kan kiɗan samarin unguwa:
"Ka ci abinci? Ka ci, ka ci,
ka ci abinci, Iro?"
Sifika na gurnani, ganga na amsawa.

Shekara tara da binne ta a Malumfashi,
ga ta, ko sau ɗaya ba ta saɓa wa kiɗa ba.

Na sauke hannu.
Na shiga kicin,
na ɗumama tuwon jiya.