Ƙotar Gamkalle

Ubana Nomau maƙeri ne a Adar.
In zai sa wa lauje ƙota,
sai ya gasa wutsiyar ƙarfen ta yi jawur,
ya soka ta cikin icen aduwa.
Hayaƙi ya tashi, icen ya yi tsaki,
shi ke nan, sun san juna.

Ni kuwa ga ni a Yamai, a Gamkalle,
masana'antar da ta ba kogi baya,
ina ɗinka wa ƙarfe riga babu allura.

Da sassafe Hasiya ke juye ƙwayar roba a mazurari,
ƙanana kamar shinkafar Tilaberi,
shinkafar da ba ta shiga cikin kowa.
Nawa aikin, in kwantar da turnabis tsirara
cikin mazubi, huɗu-huɗu,
in ja ƙofa.

Mashin ya haɗe muƙamuƙi.
Nishi ɗaya. In ƙirga ashirin da bakwai.
Ya buɗe baki,
kowa ya fito da jar riga, da sauran ɗumi.

Kada ka ɗauka ƙauna ce.
Roba ba ta san ƙarfe ba, shi ma bai san ta ba.
Shi ya sa muke yi masa tsaga, mu huda gindinsa,
don ta kutsa ta ɓulla can ta kama kanta.
Ka bar maiƙon yatsa a jikinsa, ta suɓuce.
Ka sa shi da sanyi, ta tsuke ta ja baya,
ta bar 'yar kafa,
kafar da shef Arzika ke ganowa da farce,
ya cilla a kwandon asara
bai ko dube ni ba.

Ran da kuran ya ɗauke tsakiyar zubi,
roba ta daskare a maƙogwaron mashin.
Muka wuni muna sassaƙe ta, gumi har cikin takalmi.

Da na je gida hutu na kai wa tsoho guda.
Ya juya shi, ya sansana,
ya ɗan gatsa da haƙorin da ya rage masa.
"Ina ƙusa? Ina mahaɗi?"
Na ce babu, Baba, a jikinsa aka zuba ta.
"To ran da ƙotar ta fashe fa?"
Na ce a yar, a sayi wani. Dala ɗari ne.

Bai tanka ba. Ya ɗaga ido ga bango,
inda laujen kakana ke rataye,
ƙotarsa ta bakwai, ƙarfensa na fari.

Amma daren da zan komo,
na hango shi a hasken tocila
yana ɗaure bayan rediyonsa
da hannun nan da ke rawa tun bara,
hannun da guduma ta daina yarda da shi.
Jar robar ta zauna a tafinsa daram.

"Ba ya zamewa," in ji shi.
Da rediyon yake magana, ba da ni ba.