Gammon Ƙura

Ƙarfe uku na dare a kan dutsen Atacama.
Maite Ayavire ta hura tafin hannunta,
shayi ya huce a gefen na'ura.

Garken taurari biyu a allo.
Tsohon kundi ya ce wannan Iri na Ɗaya, wancan na Biyu,
kamar ba ciki ɗaya suka fito ba.

Na farkon ya wangale baki, ana ganin wutar maƙoshinsa,
iska na gudun ceton rai a gefen baƙin rami,
layin haskensa faffaɗa.
Na biyun shiru. Layi siriri, fuska a murtuke.

Ashe ƙura ce ta naɗe gammo ta kewaye zuciyar.
Wanda ya leƙo ta sama ya ga garwashi,
na gefe ya ga toka,
kowa ya raɗa suna daga inda ya tsaya.

Ta juya madubin zuwa hasken da ido ba ya kamawa.
Ga gammon nan, da ɗuminsa.
Abin da ya haɗiye yana huci da shi a hankali.

Sai ta tuna ubanta, Eleuterio,
shekara talatin a ramin tagulla na Chuquicamata,
yakan dawo gida fari fat har gira,
ba hira, ba dariya, sai tari.
Tun tana ƙarama ta sa shi a Iri na Biyu.
Ranar jana'izarsa uwarta ta ce:
ke daga gefe kika tsaya.

Ta bar gurbin suna fayau,
ta rubuta kusurwa kawai.