Yaƙi Bakwai Kafin Asabar

Shekara goma sha tara na yi a Suwame
ina ɓoye tabon motocin mutane.
A kawo min ƙofa ta lotsa kamar gwangwanin madara,
in cike, in goge, in fesa,
mai ita ya kai kasuwa
ya rantse ba ta taɓa karo da komai ba.

Yau ga ni a Aboabo, bayan rumfar Zuwera mai koko,
an ce in warware abin da na iya.

Sulke ne na fim.
Ba ƙarfe ba ne, roba ce irin ta silifa,
sabo ful, ko ƙuda bai sauka a kansa ba.
Akwasi darakta ya dire shi a gabana, ya ce,
"Mumuni, ina so ya yi yaƙi bakwai kafin Asabar."

To, bismilla.
Na fara da ruwan azurfa, na bari ya sha iska.
Na ɗiga man goge baki a gefe-gefe,
na yayyafa gishirin da na roƙa wurin Zuwera,
na rufe duka da baƙi.
Da ya bushe na murza da tsumma.
Inda man ya zauna, fenti ya ɓantare,
ƙarfen da babu shi ya leƙo yana ƙyalli.

Amma tsufa ba ya sauka ko'ina kamar yayyafi.
Tukunyar Inna ta koya min wannan:
gindi ya ci wuta, baki ya ci ludayi,
cikinta kuwa lafiya lau.
Ƙofar motar haya ma inda hannu ke kamawa take koɗewa.
Saboda haka na tambayi sulken,
wane hannu mai kai yake riƙe garkuwa da shi?
Idan ya gaji, da wace kafaɗa yake jingina?
Na ɗora ƙusa a garwashi,
na ja sara ɗaya daga ƙirji zuwa haƙarƙari,
ban miƙe shi ba,
don mai saran ma a tsorace yake.
Tsatsa na haɗa da jar ƙasar bakin kwata,
na bar ta ta gangaro ƙarƙashin kowace ƙusa
yadda hawaye ke bin hanyar da ya saba.

Abiba ta dawo makaranta, ta sa yatsa a ramin.
"Baba, wa ya sare shi?"
Na ce ƙaninsa ne.
Ban san daga ina maganar ta fito ba.
Ta yi shiru, ni ma na yi,
na ci gaba da wanke buroshi.

Ran Juma'a Fuseni ɗan wasa ya zo gwaji.
Wani tsoho mai tallan goro ya tsaya,
ya dube shi sama da ƙasa,
ya ce, "Sannu da hanya."
Wannan ce ladata, ko Akwasi bai cika min sidina ba.

Asabar da safe, wajen Kejetiya,
Fuseni ya faɗo daga bayan babur da sulken a jikinsa.
Gwiwa ta ɗaye, kafaɗar roba ta yage.
Suka dawo min da shi a guje.
Ga rauni na gaskiya, guda ɗaya tak a duk jikin sulken,
fari fat, kamar cikin burodi.
Akwasi ya kalla ya girgiza kai:
"Wannan kowa ya gani ya san ƙarya ne."

Na jawo kujera.
Na buɗe baƙi, na buɗe azurfa,
na aika Abiba ta karɓo gishiri.
Fuseni na gefe yana hura gwiwarsa,
babu wanda ya tambaye shi.