Wutar da ke Barci a Kwali

Tsibirin Batam, safiyar Litinin, ruwa na dukan kwano.
Mu goma sha huɗu a ɗakin bayan sito.
Ibu Widarti ta shigo ba doguwar gaisuwa,
ta ajiye batirin litiyam a tebur, bai fi ɗan yatsa ba,
ta ce, "Ku gaishe shi. Wuta ce take barci."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta naɗe hannun riga har gwiwa,
fatar na sheƙi kamar ledar da ta leƙa garwashi.
"Kwantena guda, shekara tara ke nan.
Mai cika takarda ya rubuta kayan wasan yara."
Kowa ya haɗiye sauran dariyarsa.

Ni Yanuar, ɗan masunci,
na san fushin teku, na san ƙullin da ba ya kwancewa,
ban san ana ɗaure wuta da takarda ba.

Kwana uku muna biya karatu.
Rufe bakin batir da salatif,
kada biyu su haɗa baki a duhu.
Kowanne da ɗakinsa a kwali, kamar ƙwai,
har ya fi ƙwai,
don ƙwai in ya fashe, ƙarni ne iyakarsa.
In jirgin sama zai hau, kada ka ƙosar da shi caji,
talatin cikin ɗari, ya tafi da yunwarsa.
"Mai yunwa ya fi ladabi," in ji ta.

Ta ɗaga kwali daidai ƙirji, ta sake shi.
Muka dafe kai.
Ta buɗe, ko ɗaya bai gusa ba.
"Haka za a yi masa a hanya,
kuma ba mai ba shi haƙuri."

Alama mai ratsin baƙi da fari, tara a gindinta.
Uku, huɗu, takwas, sifili, in batir shi kaɗai yake tafiya.
In yana cikin waya, ɗaya ce a ƙarshe.
Gunarso ya musanya su sau biyu,
ta sa shi ya ɓare, ya liƙa, ya ɓare,
har farcensa ya yi baƙi.
Ranar Alhamis aka ba mu takardar shaida.
Shekara biyu ce ranta, ta ce, sannan ku dawo benci,
don doka tana girma, kai kuma kana mantuwa.

Mako na shida, bayan la'asar,
mota a bakin ƙofa tana huci,
Pak Halomoan na duba agogo kamar yana binsa bashi.
Kwali na ƙarshe, na zura hannu,
sai na ji ɗaya ya kumbura
kamar cikin kifin da ya kwana a bakin gaɓa.
Ɗumi-ɗumi. Ƙamshi mai zaƙi, marar daɗi.

"Guda ɗaya ne! Rufe mu tafi!"
Alƙalami na hannuna, layin sa hannu na kallona.
Na tuna gwiwar hannun nan mai sheƙi.
Na ce ba zan sa ba.
Muryata ta fito siririya, amma ta fito.

Muka zazzage kwalin, muka duba ɗaya bayan ɗaya.
Mai kumburin ya kwana a durom ɗin yashi, can nesa da bango.
Mota ta tashi da lattin awa biyu.
Ba wanda ya ce sannu.

Da dare na zauna a kan kwale-kwalen Baba.
Jirgi ya wuce sama yana ƙifta jan ido,
matuƙinsa bai san sunana ba,
ba kuma zai taɓa buƙatar saninsa ba.

Baba na gyaran koma, bai ɗago ba,
ya ce, "Yau me ka kamo?"
Na ce, "Wuta, Baba.
Tun ba ta farka ba."