Adashin Layi Uku

Shekarar da na sayi babban kaye
mai ganye ɗari biyu, mai baƙin bango,
na ce kafin damina ta sauka
zan rubuta tarihin Baba Nomau kaf,
tun daga lodin gyaɗa a tasha
har ranar da ido ya raba shi da sitiyari.
Damina ta sauka, ta ɗauke.
Gulbi ya cika ya koma yashi har sau uku.
Abin da ke cikin kayen: Bismillahi, da sunana,
da awon wuyan wani da na rubuta a gurguje
ranar da takardar awo ta ɓace.

Ni tela ne a babbar kasuwar Maraɗi.
Na san buri ba ya fitar da riga daga yadi,
amma sani daban, hannu daban.

Kullum bayan azahar Tsahara mai adashi kan biyo,
jaka a hammata, bik soke a kallabi.
Dala ashirin nake miƙa mata,
ta ja ɗan layi a katina, ta wuce.
Ba ta taɓa cewa in kawo jika goma ba,
da ta ce, da na ɓuya bayan labule.
Ga shi da waɗannan ƴan silallan
na sayi keken da nake takawa.

Wata Talata ta ga kayen ƙarƙashin dutsen guga,
ta buɗe, ta ga fari fat, ta tafa hannu:
"Malam Sanusi, wannan asusun ba a zuba masa?"
Na ce lokaci ne babu.
Ta ce, "Kuɗin ma babu, amma kana bayarwa."

Layi uku muka yanka. Ba shafi ba.
Da safe, kafin gawayin guga ya kama,
kafin mai koko ta iso bakin layinmu.
Ran farko na rubuta:
Motarsa koriya ce.
Yana warin gazuwal da goro.
Ba ya tashi sai ya taɓa taya huɗu da ƙafa.
Na rufe. Hannuna na rawa kamar na yi sata.
Da azahar ta ja layi biyu,
ɗaya na kuɗi, ɗaya na magana.

Wasu ranakun ɗinkin yakan karkace,
layi uku na banza, zare ya cukurkuɗe.
Ba na farkewa. In bar su nan,
gobe ma rana ce, kuma almakashi bai ɓata ba.
Wasu ranakun uku su ja bakwai,
har in ji ƙaurin guga kan shaddar mutane.

Gab da sallah aiki ya binne ni,
sannan zazzaɓi ya kama Zuwaira,
muka kwana huɗu a likita.
Kwana goma sha ɗaya ban ɗaga bango ba.
Na lissafa: talatin da uku ake bi na.
Nauyin ya sa na kasa ko ɗaya.
Tsahara ta ce, "A wancan katin akwai bashi.
A wannan babu. Kawo na yau."
Na kawo na yau.

Yanzu ina shafi na sittin da ɗaya.
Baba bai ko kai iyakar Ɗan Isa ba,
yana gefen hanya da tayar da ta fashe,
yaron mota ya tafi neman ruwa.
Jiya na karanta wa Inna kaɗan a tsakar gida,
ta yi shiru har na zaci barci ne,
sai ta ce, "Shuɗiya ce, ba koriya ba.
Koriyar ta maigidansa ce."

Shi ne layin farko na yau.
Saura biyu,
gawayi ya fara ja,
ga wani can ya taho da yadi a leda.