Noti Uku

Shekara tara Fijon mahaifina tana kan bulo
a gindin darbejiyar gidanmu na Garwa.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
gizo-gizo ya yi wa madubi labule.
Ranar da injin ya yi tari ya tashi,
na ce to, saura takalma.

Bakari ɗana ya ja ni shagon bakin tasha,
ya nuna wili masu walƙiya, faɗi kamar faranti,
ya ce wannan zai mai da ita yarinya.
Na ƙirga ramukan, biyar ne.
Tamu noti uku gare ta tun daga ƙera,
kamar duwatsun murhu,
kuma tukunyar da ta zauna kan uku ba ta cigiyar na huɗu.

Sai wajen Hamajoda mai faci, gab da gadar Binuwai,
tsoho mai tabarau ɗaure da zare.
Wilin ya fara gaisarwa kafin ni.
Ya juya kowanne, ya kafa alli kusa da baki,
inda allin ya taɓa, nan ne ya lanƙwashe.
Biyu lafiya, ɗaya sai guduma,
ɗaya tsatsa ta riga mu.
“Inci goma sha biyar, siririya.
Tsohuwa ba ta tafiya da takalmin ɗan ƙwallo.”

Ya jero biyu, mai zare irin ta da, mai waya irin ta yau.
Radiyal, in ji shi, yana murza kalmar a maƙogwaro.
Ya danna gefen ta farko, tauri kamar ƙirgi.
Ya danna ta biyu, ta ba da kai, ta dawo.
“Wannan gefenta laushi, tafinta ƙarfe,
shimfiɗa ƙafa take yi a kwalta.
Amma kar ka gauraya su,
kar kuma ka hana ta tiyub,
wilin da ba ya riƙe numfashi.”
Ya nuna mini lamba huɗu, mako da shekara:
“Taya na tsufa a shago ko ba ta taka ƙasa ba.
Kar baƙinta ya ruɗe ka.”

Da ya zaro tsohon tiyub, sai ya yi shiru.
Faci goma sha ɗaya.
Ya bi su da yatsa kamar mai jan carbi.
“Wannan na Figil ne, na san gam ɗinsu.
Wannan Gidar.
Wannan karkataccen kuwa, nawa ne.
Ina yaron shago, hannuna bai faɗa ba.
Mai motar bai yi faɗa ba, ya ba ni sefa hamsin,
ya ce in ya riƙe har Marwa, ka zama gwani.”
Na ce ya wuce Marwa da shekara talatin.
Ya ce to, a gaya masa.
Na kalli kogi.

Da la'asar na hau hanyar Pitowa.
Mota ta miƙe kamar an ja mata layi,
ba gurnani, ba bin tsagar kwalta.
Nan hannun mahaifina ya dawo mini,
kullum cikin motsi a kan sitiyari,
dama kaɗan, hagu kaɗan,
ni a gefe ina zaton tsufa ke kaɗa shi,
har na taɓa jin kunya da muka ɗauki abokaina.
Ashe tayoyin ne ke yawo,
shi yana maido mu hanya
sau dubu kafin mu isa, bai taɓa faɗa ba.

Yanzu sitiyari tsaye cak,
hannuna biyu sun rasa aikin yi.
Bakari ya ce, ka ji yadda ta yi shiru?
Na ce na ji.

Tsohon tiyub yana but, a naɗe cikin buhu.
Hamajoda ya taya sefa dubu.
Na ce, Malam, wannan ba a taya shi.